Digirin digirgir na aiki ga injiniyan da bai ajiye aikinsa ba: a ina ake tuntuɓe?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Manyanmu da suka yi digirin digirgir a fannin injiniyanci da tafiyar da harkar fasaha suna kan aikinsu, don Allah me ya kamata mai shirin shiga ya tanada kafin ya yi rajista?

Injiniyan masana'anta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara sanin abin da za ka shiga. A PhD, wato digirin digirgir da aka saba sani, sabon ilimi ake nema. A digirin digirgir na aiki kuwa, matsala ta gaske za ka ɗauko daga wurin aiki, ka warware ta, ka kawo alƙaluman da ke nuna ta warwaru. Birtaniya ta fara nata, wato EngD (digirin digirgir na injiniya), a 1992: shekara 4, kusan kashi 75 cikin 100 na lokacin a kamfani, da masu duba bincike biyu, ɗaya na jami'a ɗaya na kamfani. A Amurka, Jami'ar George Washington tana da nata a fannin tafiyar da aikin injiniya. Amma a kula, EngD na ƙasar Holan shekara 2 ne, horo ne kan tsara kayan fasaha bayan digiri na biyu. Suna ɗaya, abu daban.

Manajar ayyuka:
Gaskiya ne, Injiniya. Ni dai abin da zan jaddada shi ne takarda. Izinin baki daga shugabanka ba ya kare ka, domin ranar da aka sauya shi, izinin ya tafi da shi. A samu yarjejeniya a rubuce tsakanin kai da kamfani da jami'a, ta fayyace waɗanne bayanai za ka ɗauka, wa zai gan su, wa ke da haƙƙin mallakar abin da aka ƙirƙiro, da kuma ko za ka ci gaba da amfani da bayanan idan ka bar aikin. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ke kashe bincike a shekara ta uku. Idan akwai sirrin kamfani a ciki, jami'o'i da yawa suna yarda a kulle kundin binciken na wasu shekaru kafin jama'a su gani, amma nema ake yi, tun da wuri.

Injiniyan kula da inganci:
Bayan takarda sai awo. “Inganta aikin gyara a masana'antu” ba batun bincike ba ne. “Rage tsayuwar bazata a layin cika kwalabe guda ɗaya” shi ne batu. Kafin ka taɓa komai, tara bayanan yadda abin yake: matsakaicin lokaci tsakanin lalacewa da lalacewa, da matsakaicin lokacin gyara. Ingancin inji gaba ɗaya kuwa abu uku ake ninkawa: samuwarsa (kason lokacin aiki da bai tsaya ba), saurinsa, da kyawun kayan da ya fitar. Misali 0.90 sau 0.95 sau 0.98 ya ba ka kusan 0.84. Jadawalin sa ido, wato zanen da ke nuna ko awo ya fita daga iyakar da ya saba, shi ma yana son rukunin awo 20 zuwa 25 kafin iyakokinsa su zama abin dogaro.

Sannan ka buɗe rajistar gyara ka duba da idonka. Za ka ga makaniken dare ya rubuta “an gyara” kawai, ba lokacin tsayuwa, ba sunan abin da aka sauya. Wani ya shigar da aikin mako guda ranar ƙarshe, dukansa da lokaci iri ɗaya. Tace irin wannan kan ci watanni. Kuma idan an sauya mai kawo kayan gyara a watan da ka fara sabon tsarinka, masu jarrabawa za su tambaye ka wanne ne ya kawo sauƙin. Don haka ka bar wani layin daban yadda yake domin kwatance.

Malamin jami'a:
Ƙari kaɗan. Duk binciken da ya haɗa da tambayar ma'aikata sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin a raba takardar tambayoyi ko ɗaya. Abin da aka tara kafin nan yawanci ba ya karɓuwa. Idan kuma masu amsawar a ƙarƙashinka suke, abin da zai faranta maka za su faɗa. Don haka a sa wani daban ya karɓi amsoshin, ba tare da sunaye ba.

Manajar ayyuka:
Malam, ka taɓo wurin. Haka ma lokaci: yayin darussa akwai wa'adin da ke tura mutum, ana gamawa sai shiru, aikin ofis ya cinye komai. A ware kamar sa'a 15 zuwa 20 a mako, a kuma tsayar da ganawa da mai duba bincike duk wata, ana kai masa shafuka a rubuce. Mai burin koyarwa a jami'a kuma ya tambayi inda yake so ya koyar ko suna ɗaukar wannan digirin daidai da PhD, domin ba ko'ina ake yin haka ba.