Baba na da sankarar jini, me za mu tambayi likita?

Autan Hajiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. An yi wa Babanmu gwajin ɓargo, aka ce sankarar jini ce mai saurin tashi, wadda suke kira ALL. Shekararsa 68, ga ciwon suga. Jibi za mu zauna da likitan jini. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya sa kaffara ne.

Anti Nas: Amin. Auta, tambayar farko: an yi masa gwajin BCR-ABL, wato na neman wani canji a ƙwayoyin halittar sankarar da ake kira Filadalfiya? Ya fi fitowa a jikin manya fiye da yara. In ya fito, akwai ƙwayoyin sha irin su imatinib ko dasatinib, ana haɗa su da dexamethasone da ɗan kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) mara nauyi. Dattijo ya fi jure wannan nesa ba kusa ba. Kemon da ake ba matasa, musamman mai asparaginase, yana wahalar da hantar tsoho.

Baban Ummi: Ni dai in da hali ku kai shi Indiya. Can ake samun blinatumomab da inotuzumab.

Anti Nas: Magungunan suna da kyau, Yaya, amma na ALL nau'in B ne, sai an tabbatar da nau'in sankarar tasa tukuna. Kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Mutumin da jininsa ya yi ƙasa ba a ɗora shi a jirgi haka kawai. A fara a sashen jini na asibitin koyarwa, Kano ko Shika.

Maman 'Yan Biyu: Da muka yi jinyar surukata, abin da ya fi ba mu wahala jini ne. Tun yau ku tara 'yan uwa masu bayarwa, a san rukunin kowa. Sannan ku ajiye ma'aunin zafi a gida. Zazzaɓi ya kai 38, ko tsakar dare ne, asibiti. Kada a ce a sha farasitamol a ga gari ya waye.

Autan Hajiya: Na gode Anti. Sugansa fa?

Anti Nas: Dexamethasone zai tayar da shi, ƙila sai an koma insulin na ɗan lokaci. A duba masa ciwon hanta nau'in B kafin a fara. In yana shan omeprazole na olsa, ka faɗa, don yana hana dasatinib shiga jini sosai.

Kawu: Jiƙon gargajiya kuma?

Anti Nas: Kawu, a dakata da shi har sai likita ya gani. Auta, ka tafi da duk magungunan Baba a leda ɗaya jibin.