Kamfaninmu zai shiga gudun tara kuɗin agaji: a biya mana rajista ko a ninka abin da muka tara?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin walwalar ma'aikata a kamfanin da nake aiki, kuma mu 18 ne muka ba da sunayenmu domin shiga gudun kilomita 10 da za a yi nan da mako 9, wanda za a tara wa wata ƙungiya mai kula da yara masu ciwon daji kuɗi da shi. Hukumar kamfani ta ware wani adadi, ta ce mu zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ta biya mana kuɗin rajista da riguna, ko kowa ya biya wa kansa, ita kuma ta ɗora kwatankwacin duk abin da muka tara har iyakar abin da ta ware. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan su gaya mini wanne ya fi kai kuɗi hannun ƙungiyar, domin ranar Litinin ake jiran amsata.

Tsohon Ɗan Gudu:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, kafin maganar kuɗi, mako 9 bai ishi wanda ya shekara yana zaune a kujera ya yi kilomita 10 cikin kwanciyar hankali ba. Ku fara da tafiya mai sauri sau uku a mako, sannan ku riƙa haɗa ta da sassarfa, kuma kada kowa ya saka sabon takalmi ranar gudu, domin na ga wanda bororo ya tsayar da shi tun a kilomita na huɗu, safarsa duk jini. Gasar J.P. Morgan Corporate Challenge, wadda aka fara a New York a 1977 saboda ma'aikatan ofis, kilomita 5.6 ce kacal, kuma ba a banza aka taƙaita ta haka ba. Duk mai hawan jini ko ciwon zuciya a cikinku ya ga likita tukuna.

Ma'aji:
Shawarar da ke sama tana da kyau, amma ba ita aka tambaya ba. Ku zaɓi ninki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kuɗin rajista sau da yawa na masu shirya gasar ne, da shi suke biyan rufe hanya, ruwan sha, motar asibiti, lambobin ƙirji da na'urar auna lokaci, kuma abin da ke isa ƙungiyar agaji daga ciki yana iya zama kaɗan ko ma babu. Akwai inda ba haka ba ne: a Wings for Life World Run, da aka fara a 2014, duk kuɗin shiga yana tafiya binciken raunin lakar ƙashin baya, saboda kamfanin Red Bull ne ke ɗaukar ɗawainiyar shirya gasar. A gudun famfalaki na Landan kuwa, wanda ya tara fiye da fam biliyan 1 tun 1981, ƙungiyoyin agaji ne ke sayen gurabe, su ba mai gudu bisa alƙawarin zai tara wani adadi. Saboda haka ka rubuta wa masu shiryawa, ka tambaye su kashi nawa na rajista ke zuwa wa yaran, kuma ka nemi amsar a rubuce.

Maman Biyu:
Ɗan'uwa, ni ban damu da wanda za ku zaɓa ba, abin da nake roƙonka shi ne kada kuɗin ya kwana a hannun kamfani. Shekara uku da suka wuce na shiga irin wannan gudu saboda ƙanwata da ta rasu bayan doguwar jinyar ƙoda. Na bi 'yan'uwa da ƙawaye ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a wani ƙaramin littafi mai shuɗin bango, har da wata gwaggona da ta ba ni abin da ta ajiye domin maganinta, ta ce tunda saboda marigayiya ne ba za a bar ta a baya ba. Ni ce na fi kowa tarawa a ƙungiyarmu, kuma duk mun miƙa kuɗin ga shugaban sashenmu kamar yadda aka umarce mu.

Ranar gudu aka fito da wani ƙaton cak na kwali, girmansa ya kai ƙofa, sunan kamfani ne kaɗai a jikinsa, manyanmu suka riƙe shi aka ɗauki hoto, mu da muka yi gudun muna tsaye a baya. Wannan bai dame ni sosai ba. Sai da aka yi wata huɗu ina neman rasit domin in nuna wa waɗanda suka amince da ni, sannan aka ba ni wata takarda da ta nuna an cire kuɗin riguna, motar da ta kai mu, mai ɗaukar hoto da allon talla daga cikin abin da muka tara, alhali tun farko an ce kamfani ne zai ɗauki waɗannan. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a haka. Na rasa bakin da zan gaya wa gwaggona, kuma har yau littafin yana cikin durowata, ban iya buɗe shi.

Ma'aji:
Allah ya jiƙan ƙanwarki, Hajiya. Wannan cin amana ne, domin kuɗin da aka karɓa da sunan marasa lafiya ba a biyan talla da shi. Sai dai a namu kamfanin ɗawainiyar ba ta kai ko kusa da haka ba, saboda masu shiryawa sun yi mana rangwame a matsayin ƙungiya, rigunan ma kyauta suka zo cikin rajista.

Direban Ofis:
Ranka ya daɗe, mu akasin haka muka gani. Rajistar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya tsada nesa ba kusa ba, domin sun haɗa da rumfa da buga tambarin kamfani a riga, kuma ba su yarda a cire ko ɗaya ba. Ni ne na ɗauko rigunan da kaina, na ga takardar kuɗin da idona.

Jami'ar Gidauniya:
Ku yi haƙuri, amma duk wanda ya yi magana a nan ɓangaren masu bayarwa ya sani, ni kuwa shekara bakwai ina ɓangaren masu karɓa. Ninki yana da kyau a takarda, amma na sha ganin kamfanin da ya yi alƙawarin ninkawa, kuɗin ma'aikata ya shigo cikin mako guda, nasa kuma sai bayan an rufe lissafin shekara, wani ma sai mun yi ta aika wasiƙa. Hanya mafi aminci ita ce kowane mai ba da gudummawa ya tura kai tsaye asusun ƙungiyar, ko ta shafin tara gudummawa na intanet irin JustGiving inda kowa ke ganin jimilla, sannan kamfani ya sa hannu a kan ranar da zai biya nasa. Ku dubi gudun tunawa da Terry Fox, matashin Kanada da ciwon daji ya raba shi da ƙafa ɗaya, ya yi kwana 143 yana gudu a 1980 har kilomita 5,373: gudun da ake yi da sunansa duk shekara tun 1981 babu kuɗin shiga, kowa abin da ya sawwaƙa yake bayarwa.

Ma'aji:
Hajiya, zama a ɓangaren masu karɓa ba ya nuna miki yadda kamfani ke fitar da kuɗi. Idan hukumar gudanarwa ta riga ta amince da adadin a rubuce, kamar yadda Sakatare ya ce, jinkirin ba zai wuce na sa hannu ba.

Jami'ar Gidauniya:
Malam, bai ce a rubuce ba, cewa ya yi an ware. A aikina na koyi cewa tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa.

Tsohon Ɗan Gudu:
Ku sa Manajan Darakta a sahun gaba, Direba ya bi shi a baya da mota yana danna oda, za ku ga kilomita 10 ta ƙare da wuri.

Ƙaramin Ma'aikaci:
Yaya, ni abin ba na dariya ba ne a wurina. A ofishinmu an zagaya da takarda mai sunan kowa, an bar fili a gaba domin a rubuta abin da za a bayar, kuma shugabanmu ne ya fara rubuta nasa a sama. Albashina bai kai rabin na wanda ke zaune kusa da ni ba, amma kunya ta sa na rubuta daidai da nasa, na ƙarasa watan da bashi. Wanda ya ce ba zai yi gudun ba saboda ciwon gwiwa, an ambaci rashin haɗin kansa a taron auna ƙwazo na ƙarshen shekara. Sadakar da aka karɓa da matsin lamba, ban san sunan da za a kira ta da shi ba.

Maman Biyu:
Haka yake, ƙanena. Mu ma ranar hutunmu aka yi gudun, aka ce dole kowa ya zo da rigar kamfani, amma ba a lissafa ranar a matsayin aiki ba, kuma wata abokiyar aikina da ta gurɗe a ƙafa ita ta biya wa kanta asibiti, aka ce inshorar ma'aikata ba ta shafi abin da aka yi bisa raɗin kai ba.

Sakataren Kwamiti:
Na gode muku duka, kuma na aika wa masu shiryawa tambayar da Malam Ma'aji ya ce. Zan kuma nemi a hana zagayawa da takardar sunaye. Amma har yanzu ina son jin wanda kamfaninsa ya yi ninki: shin ma'aikata sun janye da aka ce su biya rajista da kansu? Mutum biyar cikin 18 ɗinmu ƙananan ma'aikata ne, kuma su nake tunani.

Direban Ofis:
Maganar inshorar nan da Hajiya ta kawo, mu ma an sa mu sa hannu a wata takarda da safiyar gudun, muna tsaye a layi, babu wanda ya samu damar karanta ta. Sai daga baya na ji cewa ta wanke kamfani da masu shiryawa ne daga duk raunin da mutum ya ji. Malam Ma'aji, shin irin wannan takarda tana da ƙarfi idan kamfani ne ya rubuta sunan mutum a gasar?