Royal Society ta Landan: Mai Cin Gashin Kanta ce ko 'Yar Amshin Shatan Gwamnati?

Malam Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a ɗakin malamai wani ya ce mini ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, ba mai taka mata birki, ita ke gudanar da kanta tun 1660. Na ce masa ban yarda ba. Mafi yawan kuɗin da take rabawa masu bincike daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina 'yancin yake?

Dakta Larai: Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa abu biyu a kwarya ɗaya. Inda kuɗi ya fito daban, wanda ke yanke shawarar wa za a ba shi daban. Gwamnati ba ta naɗa musu shugaba. 'Yan ƙungiyar ne ke zaɓen majalisar gudanarwa, mutum ashirin da 'yan kai, shugaba kuma shekara biyar yake yi ya sauka. Akwai ma'aji, da sakatare biyu, ɗaya na ɓangaren ilimin halittu ɗaya na fiziks da lissafi da dangoginsu, sai sakataren hulɗa da ƙasashen waje. Wannan kujera ta ƙarshe tun 1723 take, ta ma girmi kujerar ministan harkokin wajen Birtaniya. Shiga ƙungiyar kuwa sai 'yan ciki biyu sun tsaya maka, kwamitin fanninka ya tankaɗe ya rairaye ayyukanka, sannan a kaɗa ƙuri'a. Minista ba shi da ƙuri'a ko ɗaya.

Malam Bashir: Allah ya ƙara sani, Dakta. Amma sunan ma fa na sarauta ne. Sarki Charles na Biyu ne ya ba su takardar izini a 1662.

Habu: Malam, takarda ya ba su, ba albashi ba. A farkon lamari karo-karo suke yi, sule ɗaya kowane mako, kuma da yawa ba sa biya. Ku ji irin talaucin da suka sha. A 1686 suka zuba abin da ke asusu wajen buga wani ƙaton littafi a kan kifaye mai cike da zane-zane, ya ƙi sayuwa. Da Isaac Newton ya kawo shahararren littafinsa na kimiyya, Principia, sai aka iske lalita wayam. Edmond Halley, magatakardansu, shi ya ciro daga aljihunsa aka buga shi a 1687. Shi kansa Halley da aka rasa kuɗin albashinsa, tulin littafin kifin aka ce ya kwasa. Ka yi tunanin magidanci ya dawo gida ƙarshen wata da littattafan kifi a kai, uwargida tana jiran cefane.

Hajiya Asabe: Habu ka sa ni dariya. Amma ɗana, labarin nan naka ai Malam Bashir ya taimaka. Ya nuna lokacin da suke da cikakken 'yanci ba su da ko anini, da suka samu kuɗi kuma na gwamnati ne. Tun 1850 aka fara ba su fam 1,000 a shekara su raba wa masu bincike.

Ni kuma abin da ya fi damuna ba gwamnati ba ce, su kansu ne. Ƙungiyar da 'yan ciki kaɗai ke zaɓen wanda zai shigo, wa zai hana ta zama zauren 'yan gata? Samuel Pepys, ma'aikacin rundunar jiragen ruwa, shi ne shugaba sa'ad da aka ba da izinin buga Principia, sunansa na nan a shafin farko. A 1830 ɗan sarki, Duke na Sussex, ya kayar da John Herschel masanin taurari a zaɓen shugaba. Mata kuwa sai 1945 aka buɗe musu ƙofa, aka zaɓi Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson. Shekara 285 kenan, ba ministan da ya hana su.

Dakta Larai: Gaskiya ne Hajiya, ba zan wanke su a nan ba. Sai dai su suka gyara da hannunsu. A 1847 suka taƙaita sabbin shiga zuwa mutum 15 a shekara, kuma bisa aikin kimiyya, ba bisa rawani ko dukiya ba.

Habu: Bayan Charles Babbage, masanin lissafi, ya rubuta littafi guda a 1830 yana tsiga su, Dakta. Ba don Allah suka gyara ba.

Malam Bashir: To mu dawo kan batuna. Kun tuna tallafin FLAIR da suka kafa tare da Kwalejin Kimiyya ta Afirka don matasan masu bincike na nahiyarmu? Kuɗin daga kason agajin ƙasashen waje na Birtaniya yake. A 2021 gwamnati ta rage wannan kaso daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5, shirin ya tsaya. Ƙungiyar ta yi ƙorafi, amma ƙorafi bai sayi sinadarin gwaji ko kwalba ɗaya ba. In mai tulu ya ɗauke tulunsa, ƙwarewarka wajen rabon ruwa ta ƙare.

Dakta Larai: Wannan ya taɓa ni, Malam, na amsa. Gwamnati ke cewa ga girman tulun, wani lokacin har da fannin da take so a shayar. Amma a cikin masu nema, wa ya cancanta, wannan masana ne ke karanta takardu su yanke. Na taɓa zama a kwamitin rabon tallafi a wata cibiya da ba zan kama suna ba. Mun kwana biyu muna ba da maki, muna shan shayi ya huce a kofi, ranar ƙarshe wani ya shigo da 'yar takarda a ninke daga "sama", suna uku a jiki, biyu ko nema ba su yi ba. Wanda bai ga irin wannan ba ba zai san darajar abin da nake karewa ba.

Hajiya Asabe: Allah ya kyauta. Amma 'yata, a can ma akwai "sama", sai dai tana cikin gida. A rigimar Newton da Leibniz, masanin lissafi Bajamushe, kan wa ya fara gano lissafin kalkulas, ƙungiyar ta kafa kwamiti a 1712. Newton ne shugaban ƙungiyar, shi ya rubuta rahoton a ɓoye, ya ba kansa gaskiya. Alƙali shi ne mai ƙara.

Habu: Ga na kwanan nan ma, Hajiya. An zaɓi attajirin nan Elon Musk ya zama ɗan ƙungiyar a 2018. Ƙarshen 2024 Farfesa Dorothy Bishop ta Oxford ta fice daga ƙungiyar saboda shi, dubban masana suka sa hannu a wasiƙa cewa kalamansa sun saɓa ƙa'idar ɗa'ar ƙungiyar. Aka yi taro a Maris 2025, ba a kore shi ba.

Malam Bashir: Ka gani? Tsoron masu hannu da shuni.

Dakta Larai: Ko kuma tsoron kada a fara korar mutane kan ra'ayin siyasa, gobe a rasa inda za a tsaya. Ko ma wanne ne, su suka yanke, Malam, ba gwamnati ba. Da'awarka ta farko a kan gwamnati take.

Malam Bashir: Dakta kin kama ni a nan. Amma FLAIR na nan ban janye ba. An kira la'asar, in na dawo zan kawo maganar kuɗin da suke samu daga mujallunsu, tun Philosophical Transactions ta 1665, mu ga ko shi zai riƙe su in gwamnati ta juya baya.