Kowa ya ci ladan kuturu... to in kutaren biyu ne fa?

Ɗan Sabon Titi: Salam jama'a. Jiya a majalisa gardama ta kaure tsakanin yayana da abokinsa da ya yi karatu a Jamus, a kan Valery Gergiev, ɗan Rashan nan da ya jagoranci makaɗan birnin Munich, irin masu tsayawa gaban makaɗa suna kaɗa ɗan tsinke. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 magajin garin, Dieter Reiter, ya ba shi ƴan kwanaki ya fito ya yi tir da yaƙin ko ya tattara komatsansa, mutumin ya yi gum, ranar 1 ga Maris aka sallame shi. Yaya ya ce ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abokin ya ce sam maganar ba ta hau ba. Wa ya fi gaskiya?

Malam na Bakin Kasuwa: Abokin yayanka ya fi. Aski aka biya, aski za a yi. Kiɗa suka ɗauke shi ya yi tun 2015 kuma yana yi, ina ruwan lada da abin da ke bakinsa?

Uwar Biyu: A'a Malam, in ka karɓi kuɗin mutum har ƙyanƙyaminsa ka saya. Amma ni tambayata waye ma kuturun? Don a Disambar 2023 gwamnatin Putin ta damƙa wa Gergiev gidan kiɗa da rawa na Bolshoi a Moscow ƙari a kan na Mariinsky a St Petersburg da yake riƙe da shi. Ashe ya yi askin, kan wani daban ya aske.

Baban Hanif: Hhhh wanzami mai kwastoma biyu. Tugan Sokhiev, wani jagoran makaɗan ɗan Rasha, da aka matsa masa a Maris 2022 ajiye aikin Toulouse ta Faransa da na Bolshoi ya yi gaba ɗaya, ya ce ba zai zaɓa ba.

Ticha: Ku bar na jiya. A 1917 a Amurka, lokacin yaƙin duniya na farko, jagoran makaɗan Boston Karl Muck, Bajamushe, an roƙi a buga taken ƙasa a wasan da za su yi a birnin Providence, manaja da maigidan ƙungiyar, Higginson, suka yanke shawara su kaɗai ba su ko gaya masa ba, jarida ta ce Bajamushe ya ƙi buga take. Bayan nan ya yi ta bugawa amma ina, Maris 1918 aka kama shi aka tsare a jihar Jojiya, 1919 aka kore shi daga ƙasar. Wannan kura da shan bugu ne gardi da karɓar kuɗi.

Uwar Biyu: Kun tuna min kakata Allah ya jiƙanta. Ta ce lokacin yaƙin Hitila da Turawa ke ɗibar samari aikin tilas na kuza a Jos, dagacin garinsu an yanka masa adadin da zai kawo, samari kuwa da sun hango dogari sai daji. Sai ya kira makaɗinsa, mutumin da gero da rigar sallarsa duk daga gidan dagaci suke fitowa, ya ce gobe ka buga kiɗan gayya a gonata in sun taru a kame. Makaɗi ya ce to ranka ya daɗe. Da asuba ya rataya ganga ya fita, ya buga ɗin kuwa, sai dai tsakanin kiɗan yana sako taken wani manomi da ya daɗe da rasuwa, wanda kowa ya san a hannun dogarai ya sha wuya. Samari sun taho da fartanya a kafaɗa suka ja suka tsaya, wani ya kalli wani, kowa ya zame cikin dawa. Tsofaffi ne kawai suka iso gonar. Dagaci ya aika aka karɓe rigar, Iya ta ce a gaban matansa aka tuɓe masa ita, shekarar nan ko dami ɗaya bai gani ba.

Malam na Bakin Kasuwa: Allah ya jiƙan Iya. To Hajiya ya yi askin ko bai yi ba?

Uwar Biyu: Ita dai cewa take ya yi, askar ce ta zame.

Baban Hanif: Wlh da a yanzu ne sai ya tsallaka gidan dagacin gaba ya sake baiti. Namu mawaƙan na siyasa kan da suka aske bara shi suke zagi bana.

Ɗan Sabon Titi: Su laifin me suka yi, iyayen gidan nasu ma sun sauya sheƙa kafin fosta ta bushe. Akwai wani namu, ba na kama suna.

Ticha: Kar ka kama, data ta yi tsada balle kuɗin lauya.

Gwaggon Yara: Ni fa dagacin nake tausayi, shi ma ladan wani ya ci. Ƙarshe wa ya tura Jos ɗin?

Uwar Biyu: An dai cika adadin daga ƙauyukan gefe, har da ƙanin Iya.

Ɗan Sabon Titi: To yanzu me zan je in ce wa yaya?

Baban Hanif: Ka fara tambayarsa wa ke biyan kuɗin shayin majalisar.