Router da Hausa: rauta ko mararrabi?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina so mu tsayar da suna ɗaya ga ɗan akwatin nan da ake ajiyewa a falo yana ba wayoyi da kwamfutoci intanet ba tare da igiya ba, wanda Bature ke kira router. A Banex Plaza da ke Wuse 2 masu shago rauta suke cewa. Masu saye kuwa wani ya ce modem, wani ya ce waifai kawai. Suna uku ke nan, biyu daga ciki kuma na wasu abubuwa ne daban. A tattaunawar da muke yi kan sunan, wani Malam ya kawo wayar iska, wata Yaya ta ce marabi, wasu sun ce na'urar rarraba intanet, wasu kuma sun ce a bar shi rauta.

Wannan ruɗani yana cutar da sabon shiga. Mutum ya sayi laftof, ya haɗa ta da akwatin, alamar waifai ta cika fal, amma shafi ya ƙi buɗewa. Sai ya ce waifai ya lalace, alhali waifai lafiyarsa ƙalau. Data ce ta ƙare, ko sabis ne babu a unguwar. Da ya san sunan kowane abu da aikinsa, da ya san inda zai duba.

Modem shi ne mai karɓo intanet daga waje, ko daga turken sabis ko ta igiya. Router shi ne mai rarraba abin da aka karɓo ga na'urorin gida. Yana ba kowacce lambarta, shi ya sa saƙon da wayar Hajiya ta nema ba ya faɗawa kwamfutar yaro. Waifai kuma hanyar iskar da ke tsakanin akwatin da na'urarka ce. Akwatunan da MTN da Airtel ke sayarwa, masu ramin sa layi, sun haɗa aiki biyun farko a jiki ɗaya, daga nan sunayen suka cakuɗe. Wanda ya ga Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a 2023, ya ga bambancin da idonsa: faranti na kan rufi yana karɓowa, akwati na cikin ɗaki yana rarrabawa.

Shawarata ita ce mararrabi.

Ba daga sama na tsinto shi ba. Hausa tana da hanyarta ta yi wa kayan aiki suna: a sa ma- a gaban aikatau, a rufe da -i. Buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi, auna ya ba mu ma'auni, goge ya ba mu magogi. To rarraba zai ba mu mararrabi, jam'insa mararrabai, kamar mabuɗai. Mu mazauna Abuja ma kunnenmu ya riga ya saba da 'yar'uwarsa. Duk mai bin hanyar Keffi ya san Mararraba, gaba da Nyanya, kuma ya san ma'anar kalmar: inda hanya ke rabuwa kowa ya kama gabansa. Aikin akwatin ke nan daidai. Mararraba mai ƙarewa da -a wuri ne, mararrabi mai ƙarewa da -i abin aiki ne.

Malam da ya kawo wayar iska, Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da daɗi kuma tsohuwa ce a bakin iyayenmu. Sai dai ta fi kusa da waifai, ba akwatin ba, kuma yau da an ce waya hankalin kowa salula yake tafiya. Shi waifai ɗin ma ina ganin a bar shi yadda yake. Wani kamfanin talla ne ya ƙirƙiri sunan a 1999 don ya yi daɗin faɗa, ba shi da wata ma'ana a ciki da za a juyo.

Yaya da kika ce marabi ya fi sauƙi a harshe, gaskiyarki, ya fi gajarta. Abin da ya hana ni shi ne raba yakan tsaya a kan biyu, a raba faɗa, a raba gardama. Rarraba kuwa na masu yawa ne, kuma gida ɗaya yau sai ka ƙirga wayoyi da talabijin da laftof duk a kan akwati guda. Na'urar rarraba intanet da wasu suka kawo daidai ce, amma bayani ne. Ba wanda zai tsaya faɗin kalma uku yana aiken yaro ya kunna abu.

Mu gwada shi a aiki, don kalmar da ba ta shiga jimla ba ta mutu. Ga yadda zan koya wa ƙanena: Sa layin da ka haɗa da NIN a cikin mararrabin, ka jona shi da wuta. Juya bayansa, akwai takarda manne mai ɗauke da sunan waifai da kalmar sirri. A laftof mai Windows, latsa alamar da ke ƙasa ta hannun dama, kusa da agogo, zaɓi sunan, rubuta kalmar sirrin yadda take, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. In ka ga suna biyu, mai 2.4 ya fi ratsa bango da kai wa nesa, mai 5 ya fi gudu amma sai kana kusa. A gidajen bulo irin na Kubwa da Lugbe, mai zama a ɗakin ƙurya ya kama 2.4. Kada ka cusa mararrabin bayan talabijin ko cikin kabad, ɗora shi sama a tsakiyar gida. Sannan buɗe burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ka rubuta lambar da ke jikin takardar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka canza kalmar sirrin da ya zo da ita zuwa taka, kada ta gaza harafi 8, ka bar tsaron a kan WPA2 ko WPA3.

Ni ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba. Mararrabin ya yi nisa da ɗakina. Kashe mararrabin ka sake kunnawa. An ɗauke wuta, mararrabi ya mutu.

Masu cewa rauta ta riga ta zauna, kuma Hausa ba ta ƙyamar aro tun daga mota har rediyo, ban musa muku ba. In ka je saye, ce rauta, kada mai shago ya tsaya kallonka. Amma a rubutu, da aji, da shirin rediyo, inda ake koya wa wanda bai taɓa riƙe abin ba, sunan da ke faɗin aikinsa nake so, domin rauta ba ta gaya wa Bahaushe komai sai an yi masa bayani.

Ɗan ƙaramin nan mai batir da ake yawo da shi, wanda ake kira MiFi, shi kuma sai ya zama mararrabin aljihu. Mai gyara ya kawo, musamman malaman Hausa da masu fassarar labarai.