Shawarwarin masu karatu a Maradi kan littattafan asirin coci

A wata fadar masu karatu da ke Maradi an tattauna kan ƙagaggun littattafan nan masu ɗauke da farautar asirin coci ta cikin tsofaffin zane-zane, waɗanda galibi ke iso mana da Faransanci. Kusan kowa ya yarda labarin yana riƙe mai karatu, amma shawarar da ta fi rinjaye ita ce a raba ƙirƙirar marubuci da tarihi.

An fi daɗewa a kan zanen jibin ƙarshe, wato cin abinci na ƙarshe na Annabi Isa (AS) da almajiransa, wanda Leonardo da Vinci ya yi a bangon ɗakin cin abinci na Santa Maria delle Grazie a Milan, tsakanin 1495 da 1498. Masu labari suna cewa wanda ke daman Annabi Isa (AS) mace ce, alhali masana zane sun bayyana cewa almajirinsa Yohanna ne, domin masu zanen Italiya na wancan zamani sun saba zana shi saurayi marar gemu. Haka kuma taron shugabannin coci na Nikiya na shekarar 325, wanda Sarki Konstantin ya kira, ya duba koyarwar wani limamin coci mai suna Ariyus ne, bai zaɓi littattafan Baibul ba kamar yadda masu labari ke cewa. Ma'ajiyar takardun Batikan kuwa, wadda masu labari ke nuna ta a matsayin wurin ɓoye asirai, Paparoma Leo XIII ya buɗe ta ga masu bincike tun 1881.

Wani malamin tarihi, wanda a ganina ya fi kowa hange, ya ja kunnen matasa kada su ɗauki irin wannan littafi hujjar gardama da maƙwabtansu Kirista, su fara tambayar su abin da cocinsu ke koyarwa.