Ranar da ka gane ka taɓa jin labarin da kake kallo

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum masu kallon fina-finan almara da na sararin samaniya. Makon jiya ina kallon The Mandalorian a waya, zango na ɗaya kashi na huɗu, Baba yana gefe a kan tabarma yana jan carbi. Kashin nan ne na ƙauyen da ke kiwon jatan lande a kududdufai, 'yan fashi suna zuwa suna kwashe musu amfani, har suka je neman mai tsaya musu, aka samu mayaƙa biyu. Ina ba Baba labari sama-sama, sai ya ce, "Mutum biyu aka ɗauko su kare ƙauye? Ai Sholay ne wannan, tun ba a haife ka ba na kalle shi a silima." Na yi ta musu. Da na bincika, ashe shi kansa Sholay na 1975 jika ne. Kakan shi ne Seven Samurai na Akira Kurosawa, fim ɗin Japan na 1954, wanda Amurkawa suka mayar na kaboyi a 1960. Gaskiya raina ya ɗan sosu, kamar an sayar mini da gwanjo a kuɗin sabo. Ku fa, ya taɓa faruwa da ku? Kuma da kuka gane, daɗin kallon ya ragu ko ya ƙaru?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumussalam. Ni nawa ƙaruwa ya yi. Da aka fara House of the Dragon a 2022, ina ganin Sarki Viserys ya tara hakimai sun yi wa 'yarsa Rhaenyra mubaya'a, na ce wa uwargida, ki rubuta ki ajiye, ranar da tsohon nan ya mutu za su warware. Ta ce na leƙa intanet. Ban leƙa ba, na dai karanta tarihin Ingila. Sarki Henry na Ɗaya ya rasa magajinsa namiji a hatsarin jirgin ruwa a 1120, sai ya sa manyan ƙasa suka rantse za su naɗa 'yarsa Matilda. Yana rasuwa a 1135, ɗan 'yar'uwarsa Stephen ya haye gado, aka shiga yaƙin basasa har 1153. George R. R. Martin, marubucin labarin, bai taɓa ɓoye cewa daga nan ya ɗebo ba. Sanin ƙarshen bai hana ni zama ba, don abin da nake jira shi ne yadda za a kai can. Littafin tarihi zai ce maka an karya alkawari, amma ba zai nuna maka fuskar mai karyawa a daren da yake yanke shawara ba. Kuma Matilda ba ta da dodanni masu aman wuta, wannan kam ƙarin marubuci ne.

Mai Turi na Kasuwa:
Malam, da girmanka, amma duk wankiya ce. Shekarata nawa ina tura wa mutane fina-finai a waya, ina jin abin da suke faɗa. In 'yan fim ɗinmu suka ɗauko labarin Indiya suka sa masa hula da babbar riga, sai a ce ɓarayin zaune, ba su da basira. In Bature ya yi, sai a ce wai girmama na gaba ne. Rannan wani kwastoma ya gama zagin wani fim ɗin Hausa tas, sannan ya ce in tura masa Westworld, wai shi ne sabon tunani. Na ce masa fim ne na 1973 aka sake a 2016. Ya karɓi wayarsa bai ƙara magana ba.

Bazazzagiya:
Yaya Mai Turi, akwai gaskiya a maganarka, amma bar ni in faɗi tawa, don ni abin ya ƙona mini rai sosai.

Da katun ɗin Avatar na girma, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2008, kashi 61. Ni da ƙannena har haddace shi muka yi. Da Netflix suka fito da na mutane a 2024, kashi takwas, na tara yaran gidanmu na ce yau za ku ga abin da muke ba ku labari. Kaya sun yi kyau, wuta da ruwa sun fito kamar gaske. Amma tun kashin farko aka nuna mana yadda aka hallaka mutanen Aang, yaron da labarin ke kansa, ƙiri-ƙiri. A katun ba a nuna ba. Yaron ne ya koma gida da murnarsa yana neman abokan wasa, sai ya tarar da ƙasusuwan malaminsa Gyatso. Tare da shi muka gane, tare muka yi kuka. A sabon kuwa mun riga shi sani, muna zaune muna jiran ya iso.

Sai kuma Sokka, abokin tafiyar Aang. A da yana da raina mata, har mayaƙan Kyoshi, waɗanda duk mata ne, suka kayar da shi, ya dawo ya durƙusa ya roƙi shugabarsu Suki ta koya masa, ya sa irin kayansu. A sabon an rage masa wannan hali, wai kada a ga aibinsa. To in mutum bai da karkata, me za a miƙar? Ni ban damu da a sake labari ba. Abin da ya dame ni, an ɗauki tukunyar an bar miyar. Ƙanwata 'yar shekara tara ta kalli biyun, yanzu katun ɗin take maimaitawa.

Ɗan Damagaram:
Ni akasin naki ne ya same ni. Battlestar Galactica na 2004 na fara gani, sai daga baya na nemo na asali na 1978, ina zaton tsohon zai fi. Ina! Shi tsohon ma kamfanin Fox kotu ya kai masu shi, wai sun kwaikwayi Star Wars. A sabon ne aka mayar da Cylon, wato mutum-mutumin da ke yaƙar mutane, halittar hannun ɗan Adam, kuma wasunsu kamarsu ɗaya da mutane, ba ka sanin ko na kusa da kai maƙiyi ne. Matuƙin jirgin yaƙi Starbuck da yake namiji aka mayar da shi mace. A zango na uku, lokacin ana tsaka da yaƙin Iraƙi, mutanen da kake goyon baya ne aka mamaye, har suka koma kai harin ƙunar baƙin wake. Na daɗe ban ga fim ya hana ni barci haka ba. Suna ɗaya, jirgi ɗaya, amma ɗan ya fi uban.

Malamin Tarihi:
Mai Turi, bambancin da nake gani ba na launin fata ba ne. Masu fim ɗin kaboyi na 1960 sun sayi izini. Sergio Leone kuwa a 1964 ya wanke Yojimbo na Kurosawa ba sallama, aka kai ƙara, sai da ya biya. Ka ga su ma can suna da ɓarawo suna da mai aro.

Hajiya Mai Littafi:
'Ya'yana, kuna ta zuwa Japan da Ingila, ga abu a ɗakinku. Ina firamare aka karanta mana Magana Jari Ce, na ɗauka duk a ƙasar Hausa aka haifi labaran. Sai da na yi aure, maigida ya kawo fassarar Dare Dubu da Ɗaya, na riƙa jin ƙamshin abin da na sani. Daga baya na ji cewa Abubakar Imam ya ɗebo daga Larabawa da Indiyawa da tatsuniyoyin Jamus. Ko akun nan ma baƙo ne. A labarin Indiya da Farisa, matar aure yake riƙewa da hira kullum dare don kada ta fita wajen wani namiji. Imam ya mayar da shi mai riƙe Musa ɗan sarki kada ya fita yaƙi. Ban ji an cuce ni ba ko kaɗan. Wanda ya rina zane har ka kasa gane farinsa, ai ya yi aiki. Na yanzu da ke ba ni haushi su ne waɗanda ko ruwan baba ba su taɓa ba.

Mai Turi na Kasuwa:
Hajiya, na karɓi wannan. Amma ranar da wani namu ya rina da kyau, don Allah a yaba masa kamar yadda ake yaba wa na waje.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Jiya na samo Seven Samurai na kunna wa Baba, don ya ga kakan Sholay ɗinsa. Fari da baƙi ne, ya haura awa uku. Ya zauna tsaf ya kalli wajen awa guda, yana gyaɗa kai da aka zo wurin da manoma ke ɓoye 'yan matansu. Can sai ya juyo ya ce, "Wai yaushe za a fara waƙa ne?"